Wutar Mailafiya

Uwarsa ce ta sa masa Mailafiya, wai don yana jariri inda ka ajiye shi nan za ka dawo ka tarar da shi, ba kuka ba rigima. Ni dai ban ga wannan zamanin ba. Tun da na yi wayo na san shi, ban taɓa ganin ya shanye kofin shayi a zaune ba. Zai karɓa ya kurɓa sau ɗaya, sai ya tuna igiyar jakinsa ta kusa tsinkewa, ko wani ya bar buhu a rana, ya juya ya tafi da kofina a hannu. Rabin kofunan da na taɓa saya a duniya suna gidansa, matarsa Adawiyya tana awon gishiri da su.

Ni ne Ila, mai teburin shayi a bakin hanya, daura da ƙofar gidansa a nan Tanut. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka taubashina ne, ina da izinin faɗar abin da na ga dama a kansa, shi ma ba ya raga mini. Yana cewa ranar da aka raba wa mutane ƙafafu ni ina barci. Ina cewa ranar da aka raba mazaunai shi ya tafi duba jaki. Mun tsufa muna wannan, har yau ba wanda ya ka da wani.

Sunansa na yanka Abdurrazak, amma in ka shigo garin nan kana tambayar Abdurrazak za ka sha yawo. Da damina manomi ne, yana da gonar hatsi a bayan gari. Da rani kuwa komai ne. Yana buga tubali, yana gyaran amalanke, ranar kasuwa ka gan shi a kara, wato kasuwar dabbobi, yana riƙe wa Fulani igiyar sa yana ba su shawarar da ba su nema ba. Ya taɓa zuwa Libiya kamar kowa, har ya samu aiki a wani lambu, amma bai cika shekara ba sai ga shi ya sauko daga mota da jakarsa. Da aka tambaye shi dalili ya ce ya ga watan layya ya kusa, ya kwanta ya kasa barci yana tunanin wa zai hura wutar. Mutane suka yi dariya, sun ɗauka wasa yake. Ni na san ba wasa ba ne.

Wutar da yake nufi ita ce ta gashin layya. In an sauko daga idi an yanka an feɗe, mata su kwashi kai da kayan ciki su shige gida, ragon kuma a buɗe shi, a ɗaure a kan sanduna biyu gicciye, a kafa a ƙasa yana fuskantar wuta. Haka zai wuni yana shan hucinta, sai washegari a sauke a raba. A wasu unguwanni kowa da wutarsa. Mu a tamu wuta ɗaya ce tun zamanin ubansa Ahmadu. Ahmadu ya zo daga Ollelewa shekarar da fari ya koro mutane, ya tarar da baƙi irinsa a wannan gefen garin, kowa da ɗan icensa da bai isa ya gasa zabo ba. Ya ce a haɗa. Aka haɗa a ƙofar gidansa ya tsaya a kai, da ya rasu ɗansa ya tsaya.

Ba a shela, ba a aike. In wata ya tsaya, duk gidan da zai kawo rago sai ya zo ya jefar da gungume a ƙofar gidan Mailafiya ya wuce, ko sallama ba sai ya yi ba. Shi kuma da ya fito ya ga icen ya san na wane gida ne, daga irin saran. Abin da gidan ke taƙama da shi guda ne: tun da aka fara, rago bai taɓa salwanta a wutar nan ba. Bai ƙone ba, bai kwana da ɗanye a ciki ya tashi da wari ba, kare bai ja ba. Mailafiya ba shi da mota, bai je Makka ba, ko rigar kirki ɗaya ce gare shi. Wannan ɗin ne abin da ya mallaka, kuma yana faɗa wa duk wanda ya tsaya a gabansa, har wanda ya tsaya tambayar hanya.

Da can raguna sun fi ashirin a wutar, su kewaye ta kafaɗa da kafaɗa. Sai ice ya yi nisa, yanzu daga wajen Tarka masu jakai ke kawo shi. Sai kuma aka buɗe gidan burodi a kusa da tasha, mai gidan ya fara karɓar raguna ranar sallah yana zurawa a tanderu. Wanda ya fara kai nasa can a unguwarmu Zakiyyu ne, mai butikin kayan babur, ɗan wani abokinmu da ya rasu. Yaro ne mai ladabi, bai yi a ɓoye ba, har gidan Mailafiya ya zo ya durƙusa.

“Baba, wallahi ba raini ba ne,” in ji shi. “Tanderu yana da rufi, ba hayaƙi ba yashi. Ka kai da hantsi ka ɗauko da yamma. Kai ma ka huta, ka sa rigarka ka je gaisuwa kamar kowa.”

“Wa ya ce maka na gaji?”

Zakiyyu ya tashi ya tafi. Bara gidaje uku suka bi shi. Bana kuwa tun kafin wata ya tsaya ake ta ƙus-ƙus a bencina cewa in aka ga dama wannan ce ta ƙarshe, mutane sun fara jin nauyin tsohon ne kawai. Maganar ta kai kunnensa, don ni na kai ta.

Sallar bana ta faɗo a wutsiyar bazara, ruwa kuma ya ƙi zuwa. An share gonaki, an fitar da iri an ajiye a bakin ƙofa, sungumi ya sha wasawa har ya gaji, sama kuwa fari fat. Dabbobin da makiyaya ke korowa kasuwa kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Sai taubashina ya samu abubuwa biyu na dubawa. Ya fito ya dubi ƙasa ko an jefa ice, ya ɗaga kai ya dubi gabas ko akwai gajimare, ya koma ciki, kafin in zuba wa mai saye sikari ya sake fitowa. Na ce masa in ya ci gaba a haka wuyansa zai ɓalle kafin a yanka na rago.

Ana saura ’yan kwanaki liman ya kira roƙon ruwa. Gari ya fita fili, manya da yara, aka juya riguna bai-bai yadda ake yi. Mailafiya yana sahun gaba, aminsa ta fi ta kowa ƙarfi, na ga hawaye a gemunsa. Da aka watse kowa ya gyara rigarsa ban da shi. Ya manta, ya wuni yana zaga gari da ɗinki a waje da aljihu yana reto, sai da Adawiyya ta kama shi a tsakar gida ta tuɓe masa.

Ita ma Adawiyya ba zaune take ba a makon. ’Yarsu Ramla da ke aure a Gangara za ta zo washegarin sallah da ɗanta na fari, kuma uwar ta rantse jikanta ba zai kwana a ɗaki mai tsaga ba. Ta fitar da komai na babban ɗakinta, mai rufin kwano da taga biyu, ta toshe ramukan ɓera, ta yaɓe, ta jira ya bushe, ta shafa farar ƙasa, ta ga bai yi mata ba ta sake shafawa. Hannunta ya tsattsage har mai lalle ta yi mata faɗa. Ta jera kwanoninta, ta shimfiɗa sabuwar leda, ta rataya labule. Daga nan ta kafa doka: Mailafiya ba zai taka ɗakin ba sai bayan sallah, ko ya wanke ƙafa da sabulu. A tsakani ga kitso, ga daka yaji, ga zaryar gidan tela, ga ruwa da sai an bi layi a famfo tun da safe. In suka yi karo a ƙofa, ita da bidon ruwa shi da gatari, ba mai kauce wa wani, kowa na cewa nasa ne aikin.

Ice ya riƙa zuwa ɗai-ɗai, kamar ana cire haƙori. Na jefa nawa da wuri don in samu lafiya. Kowane gungume ya faɗi sai ya fito ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce wannan bagaruwa ce za ta yi garwashi, wannan kuwa mai shi bai ji kunya ba. Na ƙarshe da ya zo bai kai a kira shi gungume ba. Tata ce ta jawo shi, tsohuwar da ke tuyar ƙosai a kusurwa, wadda mijinta ya rasu tun ’ya’yanmu suna goye. Ta yi shekaru ba ta yi layya ba, sai dai a aika mata. Bana ta turke ɗan rago tun da kaka, tana ba shi dusa da ƙaiƙayin wake, tana yi masa hira kamar mutum. Ba ta iya ɗaukar gungume, sai ta ɗaura wa wani reshen aduwa tsumma ta jawo shi a ƙasa tun daga gidanta, ta sake shi a ƙofar ta juya. Mailafiya ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Ranar bai kushe icen kowa ba. Raguna tara ke nan, har da nasa da nawa.

Ranar sallah gari ya waye da wani irin zafi mai ɗanko, ko ganye ba ya motsi. Mailafiya bai tsaya gaisawa a filin idi ba, ana shafa fatiha ya tsallake takalman mutane ya yi gida. Kafin hantsi ya yi nisa wuta ta kama, raguna suka fara isowa a kafaɗun masu su. Shi ke nuna wa kowa wurinsa. Mai kitse a matsa da shi baya, ramamme a ba shi gefen da wuta ta fi sanyi. Na Tata ya kafa da hannunsa a wurin da ya fi kyau. Nasa kuma ya kai ƙasa, wajen gangare, inda hayaƙi ke bi. Haka ubansa ya bar masa: mai wuta shi ke ɗaukar mugun wuri, don kada a ce.

Daga nan maza suka sa manyan riguna suka bazu cikin gari barka da sallah, yara suka bi tasu hanyar, mata suna ciki suna suyar kayan ciki, ƙamshi ya cika unguwa. Aka bar ni a bencina, aka bar shi da wutarsa. In ba ka taɓa ganinsa a ranar nan ba, ba ka san shi ba. Yana zagayawa da ƙwaryar ruwan gishiri da yaji yana yayyafawa, ya tura garwashi nan, ya ja gungume can, ya gyara kwanon da ke tarar kitse, ya kori kare, ya kori ni. Rigar sallarsa tana rataye a ƙusa tun safe. Ya taɓa gaya mini ba harshen wuta ke gasa rago ba, hucinta ne, saboda haka mai gaggawa ba ya iya gashi. Na ce to kai ta yaya ka iya? Ya ce shi ƙafarsa ce ke gaggawa, ba hannunsa ba.

Bayan azahar, bayan raguna sun yi ja amma cikinsu bai nuna ba, na ga ya tsaya cak da ƙwarya a hannu. Abin ya ba ni mamaki har na juya in ga me yake kallo. Gabas ta haɗe. Ba irin gajimaren da ya yi makonni yana yi mana gwalo ba, wannan baƙi ne wuluk tun daga ƙasa, da ja-ja a gindinsa, yana tahowa ba sauri ba tsayawa. Can cikin gari muka ji mata sun fara guɗa.

Na dube shi, na dubi ragunan mutane tara a tsaye a fili, icen gidaje tara duk yana cikin wuta ɗaya. In ruwan nan ya sauka a kansu ba gasassu ba ɗanyu, a zafin nan, ba mai ice busasshe a gida da zai ƙarasa nasa, gobe sai dai a haƙa rami. Bakina da bai san kunya ba ya ce, “To ai sai ka sake juya rigar, ka roƙa a ɗaga mana shi zuwa gobe.”

Bai dube ni ba. Ya ce, “Da wane bakin?”

Sai na ga fuskarsa. Mutumin da ya yi kuka a gaban gari yana roƙon abin nan, ga shi an kawo masa har ƙofa. Leɓensa na motsi, na matsa kusa na ji abin da yake cewa. Godiya yake yi. Yana godiya, idonsa na kan ragon Tata. Raina ya ɓaci da wasan da na yi, tausayinsa ya kama ni.

Iska ta fara tashi. Ya ruga zaure ya dawo, zauren bai ɗaukar ko uku. Ya dubi rumfata ta zana, ya girgiza kai. Ya dubi masallaci, ya sake girgiza kai. Ya yi gabas ya yi yamma, ya ɗauki shebur ya ajiye, ya sake ɗauka. Duk unguwar akwai ɗaki ɗaya mai faɗi da rufin kwano da tagogi a kusa, ni na sani shi ma ya sani, amma ko wajen bai duba ba.

Adawiyya ce ta fito ƙofa da matsami a hannu, mayafinta na tashi. Ta dubi sama, ta dubi wutar, ta dubi mijinta yana zagaye wuri ɗaya. Na ga ta cije leɓe.

“Malam, tsayuwar me kake? Ku shigo da su.”

“Ina?”

“Ka san ina. Kada ka sa in faɗa da bakina.” Sai ta juyo kaina. “Kai kuma Ila, in ƙafafun nan ba na aro ba ne, ka tashi.”

Na tashi. Mutanen unguwa har yau suna ba da labarin ranar da aka ga Ila yana gudu. Adawiyya ta shige tana watso kayanta tsakar gida, leda, labule, katifa, kwanonin da ta wuni tana jerawa, suna faɗuwa suna ƙara. Tata ta ɓullo daga kusurwa tana salati, ta kama taya ta. Mu kuma muka cire ragon Tata da sandunansa, ni gefe shi gefe, zafin na cin tafin hannu, kitse na ɗiga a ƙafafunmu, muka jingina shi a farin bangon nan. Na ga inda ya taɓa ya bar tabo, na kau da kai. Muka koma muka ɗauko na biyu.

Muna kan na huɗu ɗigon farko ya faɗo, manya-manya, wutar ta fara tsaki. Sai ga babur ya tsaya, Zakiyyu ne ya dawo daga gaisuwa cikin sabuwar shadda mai launin sararin sama. Bai tambayi komai ba. Ya jingina babur ɗin, ya fizgo wani tsohon kwanon rufi daga jikin garkar da ake ɗaure jaki, ya kama shebur ya riƙa kwasar garwashi yana zubawa a kai. Shi da Adawiyya suka ja kwanon har tsakiyar ɗaki, ta kwaso icen girkinta da ke ƙarƙashin rumfa, wanda ta tanada don suyar gobe, ta zuba duka. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ba ka ganin ƙofar gidan da ke gabanka. Muna shiga muna fita, muna zamewa, Mailafiya na ihu a bi a hankali da na wane, kafaɗarsa ba ta ɗauru da kyau ba.

Da muka shigar da na takwas na ce saura naka. Ya ce a bari ya gyara tsayuwar waɗannan tukuna, na liman ya yi kusa da garwashi. Ya gyara, ya sake gyarawa. Da muka fito hanyar ta zama kogi. Duk wanda ya san garin nan ya san yadda ruwa ke gangarowa daga tudu, ba ya sallama. Inda wutar take sai baƙin ruwa yana juyawa da gawayi a kai. Wajen gangare, inda ya kafa nasa, ba rago ba sanduna. Yashin ya jiƙe ya saki, ruwa ya ɗauka. Zakiyyu ya bi gangaren har ƙugu cikin shaddarsa, ya dawo hannu wofi. Sai da ruwa ya tsagaita aka gano shi can bakin tafki, cikin laka da shara, karnuka sun riga mu.

Mailafiya bai je ya gani ba. Ya koma ɗakin ya ƙarasa aikinsa cikin hayaƙi, idonsa jawur, yana fita ya shaƙi iska ya koma. Maza suka riƙa dawowa a jiƙe suna leƙawa ta taga, kowa na neman nasa da ido, ya gani ya yi hamdala. Takwas ɗin nan sun gasu har ƙashi. Ɗakin kuwa kada ka tambaya. Rufi ya yi baƙi, bango ya sha kitse layi-layi tun daga sama har ƙasa. Adawiyya ta tsaya a ƙofa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ai shi ke nan, ta tafi neman kwanoninta cikin taɓo.

Washegari ba wanda ya yi zaman sallah. Ruwan shuka ba ya jiran kowa, in ƙasa ta sha iska an yi asara. Tun da sassafe gari ya fashe zuwa gona, amalanke, babur, ƙafa, mata da lallensu sabo suna jefa iri suna rufewa da diddige, ’yan mata da kitson sallah ƙarƙashin tsumma. Kowa ya zo ya ɗauki ragonsa a gurguje ya kai gida, rabo sai an dawo. Na rufe tebur na bi Mailafiya gonarsa, don tawa na daɗe da ba ɗan’uwana. Ya sari ƙasa da sungumi tun daga wannan iyaka har waccan. Ni na yi ta magana. Na ce ladan layya ya shiga tun da jini ya taɓa ƙasa, ko liman zai gaya masa haka. Na ce karnuka ma bayin Allah ne, bana sun yi sallah. Bai yi dariya ba.

“Ba lada nake ji ba,” ya ce daga ƙarshe. “Rago ya salwanta a wutar Ahmadu. A hannuna.”

“Naka ne ai.”

“Wuta ba ta san nawa ba.” Ya sari rami biyu ya ƙara da cewa, “Yaron nan ya yi gaskiya. Tanderu yana da rufi.”

Da muka dawo da yamma, mu ne na ƙarshe, muka tarar da Adawiyya a tsakar gida ta shimfiɗa tabarma, ta jera abin da aka aiko, ta riƙe haɓa. Ka san rabon layya, ’yan gunduwa ne a kwano, ka aika a aiko maka. To bana kowane gida ya zauna ya yi tunani shi kaɗai, ya ce gidan Mailafiya ba su da rago, a kai musu babba, kuma kowa ya ɗauka shi kaɗai ya yi wannan dabara. Cinya, cinya, hannu, cinya. Gidaje takwas har da nawa, har da ’yar siririyar ƙafar ragon Tata, ga ta Zakiyyu ta tara daga tanderu.

“Zo ka ga ragonmu na bana,” in ji Adawiyya. “Ƙafa tara gare shi, ba haƙarƙari ko ɗaya. Da shi aka kafa jiya, da ruwa bai kama shi ba.”

Ni na yi dariya har na riƙe bango. Shi ya duba, ya ce Allah shi saka musu, ya fita. A ranar Ramla ta iso a bayan wata mota da ta sha laka, ta kwana da jaririn a baƙin ɗakin, don ba wani. Yaron ya yi kwanaki yana ƙamshin gashi, duk wanda ya ɗauke shi sai ya ce yunwa ta kama shi.

Abin da ya ba ni tsoro shi ne abin da ya biyo. Da ya fita daga gidan, ya tsallako hanya ya zo bencina ya zauna. Na zuba masa shayi, ya riƙe kofin da hannu biyu, ya sha har ƙasa, ya ajiye mini abina a tebur. Ya zauna yana kallon baƙin tabon da ke ƙofar gidansa, inda ruwa ya wanke tokar. Washegari bayan gona ya sake zuwa ya zauna. Rana ta uku ma haka. Shekara nawa ina roƙon Allah ya nuna mini mutumin nan a zaune, da na gani sai na ji ba na so. Na tsokane shi ta kowace hanya, na ce jakinsa ya kwance, na ce an bar buhu a rana. Ya ce a bar shi. Ya ce baɗi shi ma zai kai nasa tasha, ya sa riga ya je gaisuwa kamar kowa. A zaune sai na ga ashe ya tsufa.

Wata rana muna nan zaune da la’asar, hatsi ya fara tsaga ƙasa a gonaki, sai muka ji wani abu na jan yashi daga kusurwa. Tata ce, a duƙe, da tsumma a kafaɗa, tana jan wani reshe da iskar ranar sallah ta karyo. Ta ja ta huta, ta ja ta huta. Ba ta dube mu ba. Ta kawo shi daidai kan baƙin tabon ta sake, ta kwance tsummanta, ta juya ta kama hanyar gida. Layya kuwa saura shekara guda cur, kuma ni da shi mun san ba lallai Tata ta sake samun rago ba.

Mailafiya ya daɗe yana kallon reshen. Na miƙa masa kofi na biyu, ya karɓa ya kurɓa.

“Ɗanye ne,” ya ce. “Kuma a ƙasa ta bar shi. Kafin kaka gara ta cinye.”

Na ci gaba da ɗauraye kofunana.

“Sai an ɗora shi a kan duwatsu. A samu abin rufewa kuma, tunda ruwa ya fara.” Ya dubi sararin ƙofar gidansa, daga bango zuwa bakin hanya, yana aunawa da ido. “Ila, kwanon rufi nawa kake gani zai rufe nan zuwa can?”

Kafin in buɗe baki ya miƙe ya tsallaka hanya, da kofina a hannu.